Faifai Mai Warin Daddawa

Kai Hafizu, sake faɗa in ji. Wai ko na san abin da ake kira kwamfuta? Don ban taɓa zama a benci na riƙe fensir ba, shi ne za ka ɗaga ido ka yi mini irin wannan tambaya, da maiƙon miya a haɓarka? Ubanka da ya haife ka bai taɓa tambayata ko na san abu ba. In na yi shiru, ya san na sani. Kife wayar nan a ƙasa. Ke Zinatu, daina mintsinin ƙanenki, matso da shi nan. Tunda an tambaya sai an ji, kuma ba mai motsawa sai na dire. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Abin da aka yi a gaban idona ne, a gidan 'yar'uwata.

Yaya Uwani dai kun san ta, ciki ɗaya muka fito, ita nake bi. Mijinta Malam Hashimu ya rasu ya bar mata fadama guda, da rijiya a ciki da dabinai bakwai. Daga wannan fadamar gidan yake ci, rani da damina: albasa, tumatir, barkono, ga dabino in lokacinsa ya yi. Ya kuma bar 'ya'ya uku. Babbarsu Barira, ita ke ɗaukar daddawar da uwarta take yi tana bin kasuwanni da ita, babu kasuwar da ba ta san ranar cinta ba a ƙasar nan. Mai bi mata Tasi'u, mai gyaran waya a bakin tasha, mutumin da sai ya yini bai yi magana goma ba. Sai auta Nafi'u, mai ɗaukar bidiyon biki, wanda 'yan'uwansa suke kira Darakta in suna son su ɓata masa rai.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, Malam Hashimu ya yi wani abu da muka ɗauka rigimar tsufa ce. Ya kira maƙwabcin gonarsa Malam Gwadabe, ya sa Nafi'u ya biyo su da kyamara, suka zaga iyakar fadamar da ƙafa, suna nunawa suna faɗa da bakinsu inda na wane ya tsaya da inda na wane ya fara. Nafi'u ya zuba bidiyon a kwamfutarsa ta ɗaki. Da tsohon ya rasu, ba wanda zuciyarsa ta iya buɗewa ya kalla. Malam Gwadabe shi ma bai daɗe ba ya bi bayansa.

Sai shekarar da kogi ya cika ya haura. Ruwa ya yi kwanaki a kan fadamu, da ya janye ya tafi da gambar da aka shuka a kan iyaka, ya shafe komai ya bar fili ɗaya kamar an yi daɓe. Ɗan'azumi, ɗan Malam Gwadabe, ya riga kowa fita da shanun huɗa. Ya huɗe ya wuce inda ubansa yake tsayawa, ya wuce rijiya, ya haɗa da dabinai biyar. Ya ce shi tun yana yaro a nan yake shan ruwa, kuma ya taɓa jin kakansa ne ya haƙa ta. Aka je gaban dagaci ranar wata Talata. Dagaci ya ce waɗanda suka san iyakar duk suna ƙasa, gonar kuma yanzu a hannun wanda ya huɗe ta take. Ya ce Uwani ta kawo hujja nan da Alhamis ta sama, kwana tara ke nan. In ba ta kawo ba, Ɗan'azumi ya rantse a bar masa. Fadamar da ba rijiya kuwa, da rani ko akuya ba za ta ciyar ba.

Uwani ta dawo gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, “Nafi'u, kunna abin nan naka. Babanku ya zo ya yi magana da kansa.”

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Ashe sati uku kafin nan an yi wata tsawa da ta bi waya ta shiga ɗakinsa ta ƙone kwamfutar. A cikinta akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi, kowanne kamar tafin hannun babban mutum. Su ne rumbun da ake zuba komai, faifai suke ce musu. Ya ciro su ya gwada. Ɗaya yana juyawa, ɗaya ya yi shiru. Mai shirun ya ajiye shi a kan taga.

Nafi'u ya duba tagar, ya ce, “Inna, ina ƙarfen da na ajiye a taga?”

“Wanda na tambaye ka ka ce mini ya mutu?”

“Shi.”

“To me matacce zai zauna yi mini a taga? Na danne kwandon kalwa da shi kwana uku, ya yi mini aiki. Shekaranjiya mai gwangwan ya zo da kurarsa, na haɗa masa da tsohuwar fitila da murfin tukunya, ya ba ni baho. Ga shi can, shuɗi.”

Kada wani ya kuskura ya ga laifin 'yar'uwata. Ta tambaya, an ba ta amsa. Mu haka aka koya mana, abin da ya daina aiki ba ya tare wuri a ɗaki.

Ta ce to ai ɗayan yana nan, a buɗe shi a ga rabi, wataƙila rabin da rijiyar take ciki ne. A nan ne Nafi'u ya faɗi abin da ya aikata. Ku buɗe kunnuwanku, nan ne gaɓar maganar. Aikin bidiyo yana son sauri, amare kuma ba su da haƙuri. Shi ne ya haɗa faifan biyu suka zama kamar ɗaya, yadda duk abin da aka zuba sai an tsaga shi ziri-ziri. Kamar ki ɗauki zane ki bi shi da almakashi, ziri na farko ki sa a wannan adaka, na biyu a waccan, na uku a wannan, na huɗu a waccan, har ƙarshe. Hannu biyu suna ajiya lokaci guda, dole aiki ya yi sauri. Amma ranar da adaka ɗaya ta ɓace, ba rabin zannuwanki kika rasa ba. Duka kika rasa, don babu zane ɗaya da zai ɗauru a ƙugu. Kuma bai ajiye kwafi a ko'ina ba.

Uwani ba ta zage shi ba. Ta zauna a kan turmi ta riƙe haɓa. Ni da nake wurin na fi son in ji ta yi faɗa.

To, ga abin da Barira ta yi.

Da gari ya waye ta ɗaura zane ta ɗauki ƙullin daddawarta kamar mai tafiya kasuwa. Ba wanda ya san sunan mai gwangwan ɗin, ba wanda ya san garinsu. Ba ta tsaya tambayar mazan da ke zaune a bakin hanya ba. Gida-gida ta bi tana sallama tana duban tsakar gida. Duk inda ta ga sabon baho shuɗi, ta san kurar ta bi ta nan. Haka bahunan suka ja ta daga unguwa zuwa unguwa, daga ƙauye zuwa ƙauye, har ranar Alhamis ta same shi a wata kasuwa yana shan fura. Ya ce ai ya kai kayan wa dillali a Dutse. Ta je Dutse, aka ce motar dillalin ta tashi Kano tun da safe. Motar da ta samu ta awaki ce, ta hau baya ta zauna a cikinsu.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga filin da ake tara gwangwan a Kano. Ta ce tsibin ƙarfe ya fi masallacinmu tsawo. A gefe guda ga wasu ƙarti zaune da guduma, aikinsu ke nan, fasa irin faifan nan suna cire maganaɗisu da sanholo. Ta faɗi abin da take nema, mai wurin ya nuna mata buhu uku cike da su, duk kamarsu ɗaya, ya ce ta zaɓa. Ba ta da lamba, ba ta da alama, Nafi'u da kansa ba zai iya tsamo nasa a ciki ba. Sai ta fita waje ta ba mai shayi ajiyar ƙullinta, ta wanke hannunta da sabulu sau uku har gwiwar hannu, ta fyace hanci, ta dawo ta shimfiɗa mayafi ta zauna. Ta dinga ɗauka ɗaya-ɗaya tana kai wa hanci.

“Hajiya, ba turare muke sayarwa ba fa,” in ji ɗaya daga masu gudumar.

“Yi ta dariya, ɗan nan. Hancin nan shekara ashirin yana bambance daddawar uwata da ta sauran mata.”

Ta shinshine buhu ukun nan tas, babu. Tsatsa da baƙin mai sun cika mata hanci har idonta yana ruwa. Ta miƙe za ta je ta sha iska, sai ta lura da wani kwando a gindin ƙafar mai gudumar da ya tsokane ta, waɗanda yake kan fasawa. Ta ce masa ya ɗaga hannu. Ta durƙusa. Can wajen ƙasan kwandon ta ɗago wani, tun kafin ya kai hancinta ta ji gida. Ta juya shi, ga ɓawon kalwa maƙale a ramin kusa. Mai wurin ya karɓa ya shinshina da kansa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ba abin da zai karɓa sai daddawar da ta iya kama ƙarfe, a kai wa matarsa. Ta karɓo ƙullin wajen mai shayi ta juye masa duka. Faifan kuwa ta naɗe shi a ɗankwali ta goya a baya kamar jariri, don kada gargadar hanya ta taɓa shi, har ta iso gida.

Ga kuma abin da Tasi'u ya yi.

Tun Barira tana hanya bai zauna ba. Ya samo aron wasu faifai sababbi, ya kwashe duk abin da ke cikin mai ran nan ya zuba a ɗaya, ya ce kada a ƙara taɓa na asalin. Da mataccen ya iso ranar Asabar, ya kwance wani koren allo da ke manne a cikinsa, ya nuna mana inda tsawa ta ƙone shi, baƙi ƙirin kamar an ɗiga masa garwashi. Ya ce cikin faifan lafiya lau, allon ne ya tafi. Sai an sami irinsa sak. Ya buga waya duk inda ya san masu gyara, babu. Sai ya ɗora ido a kan faifan mai rai. Rana ɗaya aka saye su, tagwaye ne, allonsu iri ɗaya.

Nafi'u ya ce, “Yaya Tasi, mai lafiyar za ka kwance kuma?”

“Na riga na kwashe cikinsa. Matsa, Darakta, kana tare mini haske.”

Amma ba a nan wahalar take ba. A jikin allon da ya ƙone akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu takwas, ba ta kai ƙwayar wake ba. A cikinta aka rubuta halin wannan faifan shi kaɗai, yadda yake juyawa da yadda ake karanta shi. Ta ɗan'uwansa ba za ta yi masa ba. Dole a ɗaga ta da iska mai zafi a dasa a kan allon mai kyau. In zafi ya yi yawa ta ƙone, in hannu ya yi rawa ta tsage, kuma babu ta biyu a duniya. Ko da an tara masanan ƙasar nan, an gama.

Tasi'u mashayin shayi ne, kun sani. Ranar nan bai sha ba, ya ce yana sa hannu rawa. Ranar Lahadi, ranar da tasha ta fi cika, ya rufe shagonsa. Ya share ɗakin babansa, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ya kore mu duka zuwa tsakar gida, har kaji ya sa aka kulle. Ni ta taga na leƙa. Na ga ya yi bisimilla, ya kama ƙwayar da matsefata, yana hura mata zafi a hankali, gumi yana ɗiga daga gemunsa bai share ba. Ta ɗago. Sai ga ƙafa ɗaya ta karye, tsawar ta riga ta cinye ta. Na ga ya ajiye matsefatar ya rufe ido. Ya buɗe, ya ɗauko tsohuwar wayar sauraro ta kunne, ya feɗe ta, ya zaro zaren tagulla guda wanda gashin kaina ya fi shi kauri, ya yi wa ƙwayar sabuwar ƙafa da dalma.

Da ya haɗa wuta, muka ji wani ɗan gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Faifan da ya danne kalwa, ya hau kura, ya hau babbar mota, ya kwana a kwandon masu guduma, ya tashi. Sai dai wahalar da ya sha ta taɓa shi, yana yi yana ƙwas-ƙwas. Tasi'u bai bari an buɗe komai an kalla ba, ya ce numfashinsa ƙidayayye ne. Ya jingina shi da tulun ruwan sanyi, ya sa masa fanka, ya fara kwashe cikinsa zuwa sabon faifai. In ya yi zafi ya kashe ya jira, in ya huce ya ci gaba. Ranar Litinin da la'asar ya gama. Ko sallar magariba ba a kira ba faifan ya yi ƙwas ɗaya mai ƙarfi ya yi shiru, kuma bai ƙara motsi ba har yau.

Sai abin da Nafi'u ya yi.

Yanzu ga adaka biyu cike da ziri, amma babu zane. Yadda aka yanka, faɗin kowane ziri, da adakar da aka fara sakawa, duk a jikin kwamfutar da ta ƙone aka rubuta. Shi kuma shekara huɗu da haɗawa, ya manta. Ya yi aron kwamfutar abokinsa ya jona su. Abin da ta fara yi shi ne ta tambaye shi wai ba ta gane waɗannan ba, ta share masa su su koma sababbi? Dannawa ɗaya, da tafiyar Barira da gumin Tasi'u sun bi ruwa. Ya ce mata a'a, kuma ya hana kowa kusantar teburin, har uwarsa.

Ya fara jera zirin a kan kintace. Ranar Talata da azahar sunayen abubuwansa suka fito a jere a fuskar kwamfutar, ya danna wasu ƙananan takardu suka buɗe. Matan gida suka fara murna, wata har ta ɗora ruwan zafi za a yanka kaza. Nafi'u ya ce a dakata. Ya danna bidiyon babansa. Sai wani kore-kore da ja-ja kamar an zubar da shuni a kwata, muryar tana tsalle, kalma ɗaya ba ta fita. Abin da ya gane shi ne, ƙaramin abu yana shiga cikin ziri ɗaya, shi ya sa ya buɗe. Babba kuwa sai an ɗinka dubban ziri kowanne a mazauninsa. Faɗin da ya kintata ba shi ba ne.

Saura kwana biyu. Ya gwada wani faɗin, bai yi ba. Ya gwada wani, sunayen ma suka ɓace. Tasi'u ya leƙo ya ce shi nasa ya ƙare a ƙarfe, wannan kuma bai san kansa ba. Barira ta ajiye masa tuwo ya sandare a kwano. Ranar Laraba da safe ya ɗaga kai ya ga hoton da ke rataye a bangon ɗakinsa, na babansu ranar bikin Barira, wanda shi ya wanko shi daga cikin wannan kwamfutar. Ya sauko da shi ya jingina a gabansa. Ya nemo asalinsa a cikin adakar farko ya buɗe. Hular ta fito daidai, goshi ya fito daidai, daga gira zuwa ƙasa ya dagule. Ya nemo wasu hotunan da ya sani, kowanne sai ya tafi lafiya ya karye. Sai ya daina duban dagulewar, ya koma auna abin da ke fitowa lafiya daga wannan karaya zuwa ta gaba. Duk awo ɗaya ne. Wannan shi ne faɗin zirin. Ya sa shi, bai yi ba tukuna. Ya juya adakun, ta biyu ta koma farko. Ya danna hoton.

Fuskar Malam Hashimu ta sauko daga hula har gemu, har aljihun rigarsa da asuwaki a ciki. Nafi'u ya buɗe bidiyon, ya ga ƙafafun tsofaffi biyu a kan kunya, ya ji sallamar babansa garau. Ya tsayar, ya yi kwafi uku a wuri uku, sannan ya fito tsakar gida ya ce, “Inna, yanzu a yanka kazar.”

Ranar Alhamis garin nan kaf ya taru a gindin durumin ƙofar dagaci. Aka kife turmi aka ɗora kwamfuta. Ɗan'azumi ya zo da alwalarsa, a shirye yake ya rantse, don ni na yarda har zuciyarsa yana ganin gaskiyarsa ce. Nafi'u ya danna. Sai ga mutum biyu da muka yi zaman makokinsu suna tafe a fadama, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi wani furfura. Malam Gwadabe ya tsaya a bakin rijiya, ya yi tarin nan nasa, ya nuna da sanda.

“Daga nan in ka fuskanci gabas, taku ashirin da biyar, za ka ci karo da kuka. Daga kuka zuwa can nawa ne. Rijiya da dabinai na Hashimu ne, ubansa ya haƙa, mu ruwa muke sha albarkacin maƙwabtaka. Duk ɗan da ya ce ba haka ba, bai ji daga bakina ba.”

Ɗan'azumi ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ce a ƙara. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, “Baba ne. Har tarin.” Ya juya wajen dagaci. “Ranka ya daɗe, na janye. Huɗar da na yi kuma na bar wa Inna Uwani, Allah ya sa ta ci amfaninta.”

Guɗar da aka yi a wurin nan sai da jemagun durumi suka tashi. Aka taka taku ashirin da biyar a ranar, aka tarar da kuka tana nan inda take, ambaliya ba ta iya da ita ba. Rijiya ta dawo, dabinai suka dawo.

Amma ana cikin guɗar ba wanda ya kashe bidiyon. Ashe akwai saura. Ranar da aka ɗauka, bayan Malam Gwadabe ya tafi, Malam Hashimu ya sa Nafi'u ya ajiye kyamarar a kan kututture ya je ya kwanto jaki. Nafi'u ya manta bai kashe ba, tsohon kuwa ya lura. Sai muka ga ya matso da fuskarsa kusa, ya dafa babban dabinon nan na bakin rijiya, wanda ya fi sauran zaƙi, wanda ubansa ya dasa.

“Ku 'ya'yana. Wata rana iyakar nan za ta tashi tafiya, na san halin ruwa, na san halin mutane. Wanda ya tsare ta a cikinku, a bar masa wannan dabinon. Ban ce a raba ba. Ɗaya na ce.”

Liman ya ce irin wannan wasiyya ga magaji ba ta zama sai sauran magada sun yarda. Uwani ta yarda. Su ukun ma nan take suka yarda, don kowannensu ya tabbata shi ake nufi.

Barira ta ce da ba ta bi bahuna ta shinshine buhu uku ba, da faifan ya zama cokalin sanholo, su biyun su zauna su yi ta gwanintarsu a kan iska. Tasi'u ya ce abin da ta goyo gawa ce, kuma da ƙwayar nan ta ƙone a hannunsa, da tafiyarta ta zama yawon buɗe ido. Nafi'u ya ce abin da Tasi'u ya miƙa masa tsummoki ne cike da adaka biyu, dagaci kuwa ba tsumma ya ce a kawo ba. Suka ce masa ai kai ka yanka zanen tun farko. Ya ce haka ne, amma wa ya riƙe kyamarar a rana? Dagaci ya ce shi shari'ar iyaka aka kawo masa, ya gama, wannan ta cikin gida ce. Uwani ta ce ciki ɗaya ta ɗauke su, ba za a ji zaɓi daga bakinta ba. Dabinon yana nan yana haihuwa duk shekara, ana sauke shi ana rabar wa mabuƙata da sunan tsohon, har ranar da za a sami mai shi.

A'a, ban ce ku fara musu a kan tabarmata ba. Hafizu, sauke hannun nan. Ku tashi, kowa ya wanke ƙafa ya nufi shimfiɗarsa, kuma kada in ji ƙus. Gobe da safe ba wanda zan zuba wa koko sai ya tsaya a gabana ya ba ni amsa da dalili. Tsakanin wadda ta nemo, da wanda ya tayar, da wanda ya ɗinke, wa ya tsare iyakar nan, wa za a bar wa dabinon?